Bestiyari: Tambayoyi da Amsoshi kan Littattafan Dabbobi na Tsohuwar Turai

A ɗakunan adana tsofaffin littattafai na Ingila da Faransa akwai wasu kundaye da aka rubuta da hannu a kan fata shekaru 700 zuwa 850 da suka wuce, cike da zanen dabbobi da zinariya. A cikinsu giwa ba ta da gwiwa, kada yana da kunnuwa kamar na kare, ga tsuntsun da ke ƙone kansa ya sake rayuwa. Kowane labari a ciki yana da inda ya fito da abin da aka nufa da shi, kuma ana iya bin sawunsa.

Mene ne bestiyari?

Kalmar ta fito daga Latin, daga bestia, wato dabba. Littafi ne da ke jero dabbobi ɗaya bayan ɗaya, ya faɗi sunan kowace da halinta, sannan ya ciro darasin addini ko na ɗabi'a daga wannan hali. Ya yi tashe a Ingila da arewacin Faransa a ƙarni na 12 da na 13. Babban kundi yakan ƙunshi babi sama da 100: masu ƙafa huɗu, tsuntsaye, macizai, tsutsotsi, kifaye, wani lokaci itatuwa da duwatsu, har da ɗan Adam da gaɓoɓinsa a ƙarshe.

Kiristoci ne suka rubuta shi domin Kiristoci, don haka fassarorin da za mu kawo nasu ne, yadda suka rubuta su. Ginshiƙin tunaninsu shi ne Allah bai halicci komai a banza ba, halitta kuma littafi ce da ake karantawa kamar nassi. Sukan kafa hujja da Littafin Ayuba, sura 12 aya 7, inda aka ce a tambayi dabbobi za su koyar. Mai karatu Musulmi ba zai ji wannan baƙo ba, tunda ya san kiran da Alƙur'ani ya yi a dubi raƙumi yadda aka halicce shi, ya kuma san surorin da ke ɗauke da sunan saniya, ƙudan zuma, tururuwa, gizo-gizo da giwa.

A ina abin ya faro?

A Afirka, bisa ra'ayin mafi yawan masana. Uban dukkan waɗannan littattafai wani ɗan ƙaramin littafi ne na Girkanci mai suna Fisiyologus, wanda aka rubuta tsakanin ƙarni na 2 da na 4, mai yiwuwa a Iskandariyya ta Masar. Babinsa ba su kai 50 ba. Sunan yana nufin masanin halitta, kuma babin sukan ce “Fisiyologus ya ce game da zaki kaza da kaza”. An fassara shi zuwa Latin, Suriyanci, Armeniyanci, Larabci, da Ge'ez, tsohon harshen cocin Habasha, inda ake kiransa Fisalgos. Akwai wani kwafinsa na Latin mai zane daga ƙarni na 9 a birnin Bern na Suwizalan.

Abin da ya mayar da shi bestiyari ƙari ne da aka yi ta yi masa. Mafi girman ƙarin ya fito daga Isidor, bishop na Ishbiliya a Sifen, wanda ya rasu a 636. Kashi na 12 na babban littafinsa kan asalin kalmomi duk kan dabbobi ne. Daga wurinsa aka ɗauko tsarin raba dabbobi gida-gida da al'adar fara babi da bayanin suna. An kuma ɗebo daga Filini, marubucin Rum da ya mutu a shekara ta 79, da Solinus, shi ma marubucin Rum, da wa'azin Ambrosiyus, bishop na Milan, kan kwanaki shida na halitta, da wani littafin tsuntsaye na Hugo na Fuyuwa daga ƙarni na 12.

Yaya babi guda yake tafiya?

Matakai uku ne, ko da yake ba kowane babi ne ke cika su ba: suna, hali, ma'ana. Zane kan zo a sama ko a tsakiya.

A ɗauki zaki, wanda shi ake farawa da shi a matsayinsa na sarkin dawa. An ba shi halaye uku. Idan ya ji ƙanshin maharbi yakan share sawunsa da wutsiya. Ma'anarsa a wurinsu, Almasihu ya ɓoye asalinsa lokacin da ya zo duniya. Yakan yi barci ido buɗe. Wato jikin Almasihu ya kwanta amma allahntakarsa, a aƙidarsu, tana farke. Zakanya takan haifi 'ya'yanta matattu, ta yi tsaronsu kwana uku, sai uban ya zo ya hura musu numfashi a fuska su rayu. Wannan kuwa tashi daga matattu ne a rana ta uku.

Wasu babin gargaɗi ne tsantsa. Yanyawa idan ta ji yunwa sai ta yi birgima a jar ƙasa kamar jini, ta kwanta rigingine, harshe waje, ta riƙe numfashi. Tsuntsaye su sauko ci, ita ta cafke su. Haka Shaiɗan yake yin kamar matacce ga wanda ke bin son zuciya. Bushiya takan kaɗo inabi, ta yi birgima a kai ya maƙale a ƙayoyinta, ta kai wa 'ya'yanta. Darasin, ka tsare gonar zuciyarka. Akwai kuma babban kifin teku da ke yin shiru a saman ruwa har yashi ya taru a bayansa. Matuƙa jirgi su ɗauka tsibiri ne, su kafa turke su ɗaure jirgi, su hura wuta don girki. Da ya ji zafi sai ya nutse da su duka.

Ashe ba tatsuniya ba ce irin ta Gizo da Ƙoƙi?

A'a. A tatsuniya dabba tana magana, tana ƙulla dabara, tana zuwa fada; kowa ya san mutum ake nufi, shi ya sa ake rufewa da ƙurunƙus. Haka ma a Kalila wa Dimna, littafin labaran dabbobi na Larabci. A bestiyari dabba ba ta cewa uffan. Ana ba da halinta ne a matsayin abin da take yi kullum a daji, sannan marubuci ya fassara. Ya fi kusa da tafsiri, sai dai abin da ake wa tafsirin dabba ce.

Da gaske sun yarda da waɗannan labarai?

Amsar ta bambanta daga mutum zuwa mutum. Wanda bai taɓa barin ƙauyensa a Ingila ba, ba shi da hanyar bambance raƙumin dawa da dabbar almara mai ƙaho ɗaya. Dukansu labari ne daga nesa, kuma tsofaffin malamai ne suka faɗa. Amma tun farko akwai masu taka-tsantsan. Agustin, bishop na Hippo a ƙasar Aljeriya ta yau, da ya zo kan labarin kwasakwasa, tsuntsun da aka ce yakan huda ƙirjinsa ya rayar da matattun 'ya'yansa da jininsa, ya gaya wa masu sauraronsa su karɓe shi idan gaskiya ne, kada kuma su riƙe shi idan ƙarya ne. Darasin ne ya dame shi.

A ƙarni na 13 aka sami masu cewa gani ya kori ji. An daɗe ana cewa wata irin dinya ta arewacin Turai ba daga ƙwai take fitowa ba, tsirowa take yi a jikin katakon da ya daɗe cikin teku. Jerald na Wales ya rubuta hakan wajen 1188, ya kuma ce wasu malaman coci a Ayalan suna cin ta lokacin azumi da hujjar ba nama ba ce. Sarki Firedarik na Biyu, mai mulkin Sisili da daular Rum ta Jamus, ya aika aka kawo masa irin wannan katako, ya duba, ya ga ƙananan halittun ruwa masu ɓawo ne kawai manne a jiki. Ya yanke cewa tsuntsun yana sheƙa ne can nesa inda mutane ba su zuwa. Ya yi daidai: a Girinlan da tsibiran ƙanƙara na arewa take ƙyanƙyasa. Albertus Magnus, malamin coci ɗan Jamus, shi ma ya miƙa wa jiminu guntayen ƙarfe don gwada maganar cewa suna narkar da shi. Suka ƙi, amma suka haɗiye tsakuwa da ƙashi.

To daga ina kurakuran suka shigo?

Ruwa ba ya tsami banza. Kusan kowane kuskure yana da ƙofar da ya bi.

Ta farko fassara ce. Lokacin da Yahudawan Iskandariyya suka juya littattafansu daga Ibrananci zuwa Girkanci, sun ci karo da re'em, wani ƙaton bijimin daji mai ƙaho biyu. Suka fassara shi da kalmar da ke nufin mai ƙaho ɗaya. Daga nan dabba mai ƙaho ɗaya ta shiga nassi, ba wanda zai iya cewa babu ita. Haka a Ayuba 4:11, wata kalmar Ibrananci da ke nufin zaki ta zama “zaki-tururuwa” a Girkanci. Sai Fisiyologus ya ƙera mata tarihi: uba zaki mai cin nama, uwa tururuwa mai cin hatsi, ɗan ba ya iya cin ko ɗaya, sai yunwa ta kashe shi. Misali ke nan na mai zuciya biyu. Dabba sukutum ta fito daga kalma guda.

Ta biyu kamannin sauti. Isidor ya yarda cewa sunan abu yana ɗauke da halinsa. Akwai wata dabbar ruwa mai faffaɗar wutsiya da ke datse rafi da itace, sunanta kastor a Latin, kalmar fiɗiya kuma kastrare. Labarin ya ce maharba suna bin ta don marainanta da ake magani da su, ita kuma idan ta ga ba mafita sai ta cije su ta jefa wa maharbi. Idan wani ya sake biyo ta, ta ɗaga ƙafa ta nuna masa babu. Darasi: yanke zunubinka ka jefa wa Shaiɗan. Labarin ya girmi Isidor, amma kamannin kalmomin ya ƙara masa ƙarfi. A zahiri marainan dabbar a cikin ciki suke, haƙori ba ya kai gare su, abin da ake nema kuwa wani mai ne mai ƙanshi daga wasu jakunkuna kusa da wutsiya.

Ta uku, an ga abu da ido amma an yi masa gurguwar fahimta. 'Ya'yan beyar, wata ƙatuwar dabbar daji mai yawan gashi, ana haifarsu ƙanana ƙwarai, makafi, kusan ba gashi, uwar tana ta lasarsu. Sai aka ce tsokar nama take haifa, da harshe take siffanta ta. Wata ƙadangaruwar damshi takan ɓuya cikin ruɓaɓɓen icce, idan aka jefa iccen a murhu ta fito da gudu. Sai aka ce a cikin wuta take rayuwa.

Ta huɗu kasuwa ce. An riƙa sayar da “ƙahon dabba mai ƙaho ɗaya” da tsada mai yawa a matsayin makarin guba, dogo, fari, a murɗe. Haƙorin wata dabbar teku ce ta yankin Girinlan mai suna narwal, wanda kan wuce mita 2. Ole Worm, likita ɗan Denmak, ya bayyana hakan a 1638. Marko Polo kuwa, matafiyi ɗan Italiya, ya ga karkanda a Sumatra, ya ɗauka ita ce dabbar da ake faɗa, ya rubuta cewa mummuna ce mai son taɓo, ba ta yi kama da wadda aka ce tana kwantar da kai a cinyar budurwa ba.

Ta biyar kwafe. Mai zane yana kallon zanen wanda ya gabace shi ne. Idan na farko ya ba kada dogayen ƙafafu, haka za a yi ta gadonsu shekara 100.

Me suka ce game da dabbobin da muka sani a Afirka?

Nan ne mai karatu Bahaushe ya fi marubucin sani. Giwa, in ji su, ba ta iya lanƙwasa ƙafa, don haka a jingine da itace take barci. Maharbi sai ya sassare itacen ya bar shi a tsaye. Ta jingina, su faɗi tare. Babbar giwa ta zo ta kasa ɗaga ta, giwaye 12 su zo su kasa, sai wata 'yar ƙarama ta sa hanci ta tashe ta. Babbar ita ce Attaura, 12 ɗin annabawa, ƙaramar Almasihu. Aristotal, masanin falsafa na Girka, ya riga ya ce giwa tana lanƙwasa ƙafa, amma darasin ya yi daɗin wa'azi, aka bar shi. Sun dace a wuri ɗaya: sun ce cikinta shekara biyu ne, ainihinsa kuwa kimanin wata 22. A 1255 Sarki Luwi na Tara na Faransa ya aika wa Henri na Uku na Ingila giwa mai rai, aka ajiye ta a Hasumiyar Landan. Matiyu Faris, rahibi daga Sent Albans, ya je ya zana ta da ido tare da mai kiwonta a gefe don a ga girmanta. Ta mutu a 1257, kuma akasarin masu zanen bestiyari suka ci gaba da tsohon salonsu.

Kura, an ce tana tone kabari, tana kwaikwayon muryar mutum don ta yaudari makiyayi, tana kuma sauya jinsi, yau namiji gobe mace. Na ƙarshen yana da dalili: al'aurar macen kura mai dabbare-dabbare tana kama da ta namiji ƙwarai, har masani sai ya lura kafin ya bambance.

Jimina, an ce sai ta ga fitowar taurarin da muke kira kaza da 'ya'yanta take yin ƙwai, ta binne a yashi ta manta da su, rana ta ƙyanƙyashe. Gaskiyar ita ce miji da mata karɓa-karɓa suke yi, ita da rana shi da dare, kusan mako shida. Kada kuwa an ce muƙamuƙinsa na sama ne ke motsi, yana kuma hawaye bayan ya ci mutum, shi ya sa ya zama misalin munafuki. Na ƙasa ne ke motsi. Ɗaga kai da yake yi in zai buɗe baki ne ya ruɗi masu kallo.

Kowace dabba ma'ana ɗaya take da ita?

Ko kaɗan. Jimina da ta manta ƙwanta a wani babi abin koyi ce, mai barin duniya ta dubi sama. A littafin tsuntsaye kuma munafuka ce, ga fiffike ba tashi. Alhudahuda a wuri ɗaya ɗa ne nagari da ke fige wa tsofaffin iyayensa tsohon gashi, ya lashe idanunsu, ya ɗumama su har su sabunta. A wani wurin tsuntsu ne mai ƙazanta. Wanda ya ga zanen dabba a bangon coci ya ce lalle ma'anarta kaza, ya yi gaggawa.

Wajibi ne kuma a faɗi cewa ba duk darussan ne masu kyau ba. An yi amfani da kura da mujiya wajen aibata Yahudawa, aka kuma yi amfani da macen ruwa ta almara mai yaudarar matuƙa jirgi da waƙa wajen zargin mata da halakar da maza. Waɗannan shafuka sun taimaka wajen raya ƙiyayya a zamanin da Ingila ta kori Yahudawanta a 1290.

Yaya ake haɗa irin wannan littafi?

Daga fata ake farawa, ta maraƙi ko ta tunkiya, amma ba a jeme ta. Ana jiƙa ta kimanin mako guda, fiye da haka in ana sanyi, a ruwan farar ƙasa mai kaifi da ake samu daga ƙona dutse. Aikin da yake yi shi ne wanda ruwan toka ke yi wa majema, wato saki gashi. A kankare gashi da nama, a ɗauraye, a ɗaure ta a firam a ja ta tam. Tana bushewa ana kankararta da wuƙa mai siffar jinjirin wata, ana ƙara ɗaurewa. Wannan bushewa cikin ja ita ce ke mayar da ita shafi mai ƙarfi. Idan wuƙa ta ɗan yanke ta tun tana ɗanya, jan zai buɗe wurin ya zama rami, shi ya sa ake ganin shafuka masu ɗinki ko rubutu da ya kewaye huda. A ƙarshe a goge da dutse mai kaushi da alli don a cire maiƙo, in ba haka ba tawada ba ta kamawa.

Sai a yanka a ninka. Falle huɗu a ninke cikin juna suna ba da waraƙa 8, shafi 16. Ana jera su ta yadda gefen gashi zai fuskanci gefen gashi, gefen nama ya fuskanci gefen nama, don shafuka biyu da ke buɗe su zama launi ɗaya. Kundin bestiyari da ke Jami'ar Aberdin a Sikotlan yana da waraƙa kimanin 100, tsawo wajen santimita 30, faɗi 21. Littafi irin wannan yana cin fata tsakanin 25 da 50, gwargwadon girman dabbobin. A huda ƙananan ramuka a gefe, a ja layi tsakaninsu da dalma.

Marubuci ne ke fara aiki, yana barin gurbin zane. Alƙalaminsa gashin fiffiken dinya, wuƙa a ɗaya hannun don fiƙe alƙalami, danne shafi da kankare kuskure. Tawadar abu uku ce: ƙulluttan da ke fitowa a itacen oak inda wani ƙwaro ya yi ƙwai, a daka a jiƙa, suna ba da sinadarin da majema ke samu daga bagaruwa, wani koren gishirin ƙarfe, da ƙaro don ta yi kauri ta kama. Tana sauka fara-fara, iska ce ke mayar da ita baƙa.

Bayan shi mai zayyana. Ya fitar da siffa da dalma, ya bi da tawada. Zinariya ake fara sawa kafin kowane launi, domin gogar da ake mata za ta ɓata fenti. Akan shafa wani kwaɓi mai danƙo a gurbin, ya bushe, mai aiki ya hura masa numfashi ya ɗan yi damshi, ya ɗora zinariyar da aka buga ta fi ɓawon albasa sirantaka, sannan ya goge da haƙorin kare ko dutse mai santsi har ta yi ƙyalli. Launuka ana kwaɓa su da ƙaro ko farin ƙwai da aka kaɗa aka bari ya kwanta. Shuɗi mafi tsada daga wani dutse ne da ake haƙowa a Badakshan ta Afganistan. Ja daga zaiba da farar wuta, ko daga dalma da aka gasa. Kore daga tsatsar tagulla da aka rataye a kan ruwan inabi mai tsami. Daga nan a ɗinke ƙunshi-ƙunshi a kan igiyoyin fata, a sa bangon katako.

Me ya fi lalacewa?

Koren tagulla yakan ci fata har ya huda ta, ko ya fito ta bayan shafi. Farin dalma yakan yi baƙi idan ya haɗu da iska mai farar wuta, shi ya sa wasu fuskoki suka dushe. Azurfa takan yi baƙi ƙirin. Akwai rawaya mai guba da ba ta jituwa da dalma ko tagulla, in an haɗa su duka su ɓaci. Tawada mai ƙarfe da yawa tana ƙona shafi, ko da yake fata ta fi takarda jurewa saboda sauran farar ƙasar da ke jikinta. Damshi kuma yana sa fata ta nemi komawa siffar dabbar, ta kumbura ta lanƙwashe, fenti ya ɓare. Dalilin maɗauri a bangon littafi ke nan.

A rubutu, kuskuren da ya fi yawa tsallaken ido ne: layi biyu sun ƙare da kalma ɗaya, mai kwafe ya ɗaga kai ya dawo kan ta biyu, abin da ke tsakani ya ɓace. Da irin wannan giɓi masana ke gane wane kundi aka kwafa daga wane. Sauran ɓarnar ta hannun mutane ce. An yanke wasu zane-zane daga kundin Aberdin da wuƙa.

Su wa ke da su, me suke yi da su?

Akasari gidajen ruhubanai da manyan coci-coci, don koyarwa da shirya wa'azi. Kundin da ke ɗakin karatu na Morgan a Niyok ta Amurka yana ɗauke da rubutu cewa wani malamin cocin Linkon mai suna Filibus ya ba da shi kyauta ga gidan ruhubanan Waksof a 1187. Masu mulki ma sun so shi. Filib na Tawon ya mayar da shi waƙa cikin Faransancin Ingila bayan 1121, ya sadaukar ga Sarauniya Adeliza matar Henri na Ɗaya. A tsakiyar ƙarni na 13 Rishar na Furnibal ya juya dabbobin gaba ɗaya suka zama hujjojin mai neman soyayya.

Me ake nufi da “iyali na biyu” da ake yawan ambata?

A 1928 masani M. R. James ya raba kundayen bestiyari na Latin gida huɗu da ya kira “iyali” bisa abin da ke cikinsu, wasu suka gyara rabon daga baya. Na farko yana kusa da Fisiyologus da ɗan ƙarin Isidor. Na biyu shi ne mafi yawa, kusan kundi 50, kuma a cikinsa mafi kyawun zane suke. Na uku ya ƙara da mutanen ban mamaki na ƙarshen duniya. Na huɗu kundi ɗaya ne tak.

Musulmi suna da irinsa?

Suna da littattafan dabbobi masu girma, amma gininsu daban. Kitabul Hayawan na Jahiz, mutumin Basra da ya rasu wajen 868, ya haɗa waƙoƙin Larabawa, maganganun Aristotal, muhawara da abin da ya gani da idonsa, duk don nuna hikimar Mahalicci har a jikin ƙuda. Ƙazwini, wanda ya rasu a 1283, ya tara abubuwan al'ajabi na halitta. Damiri na Alƙahira, wanda ya rasu a 1405, ya jera dabbobi bisa haruffa a Hayatul Hayawan, shi ma da zaki ya fara. A ƙarƙashin kowace yakan kawo sunaye, hadisai, hukuncin cin namanta, karin magana, amfaninta a magani da fassarar ganinta a mafarki. Su ma suna da tsuntsayen almara irin su anƙa'u da rukku. Bambancin shi ne ba su mayar da kowane hali na dabba ishara ga wani rukunin aƙida ba, yadda bestiyari ya yi.

Me ya sa aka daina rubuta su?

Kafin 1220 Mika'ilu Sikot ya fassara littattafan Aristotal kan dabbobi daga Larabci zuwa Latin a Toledo, jami'o'i suka rungume su. Manyan kundayen ilimi suka haɗiye bayanan dabbobin suka rage wa'azin, masu kuɗi kuma suka koma sayen littattafan addu'a masu zane. Zuwa 1551, lokacin da Konrad Gesna, masani ɗan Suwizalan, ya fara buga tarihin dabbobinsa a Zurik, tambayar ta koma yaya dabbar take. Hotunan dai sun zauna: zaki da dabba mai ƙaho ɗaya suna riƙe da tambarin masarautar Birtaniya har yau, kwasakwasa mai huda ƙirji kuma tana nan a sassaƙe a coci-coci da kwalejoji.

Ina zan ga ɗaya, kuma me zan duba?

Jami'ar Aberdin a Sikotlan ta sa kundinta na wajen 1200 a intanet shafi-shafi, da rubutun Latin da fassarar Turanci. Ɗakin karatu na Bodliyan a Oksfod yana da ɗan'uwansa, kundi mai lamba Ashmole 1511, wanda zanensa ya yi kama da na Aberdin sosai, da kuma Bodley 764. Kundin Rocesta yana Landan.

Fara da dabbar da ka sani, kura ko jimina, don ka iya raba abin da aka gani da abin da aka ji. Karanta rubutun kafin ka yanke hukunci kan zanen, domin mai zane yakan cusa matakai biyu ko uku na labari cikin hoto ɗaya: zakin da ke sama da wanda ke ƙasa zaki ɗaya ne a lokuta daban. Nemi inda marubuci ya ce “haka nan kai, ya ɗan Adam”, nan ne hali ya ƙare ma'ana ta fara. Sannan ka faɗaɗa hoton ka dubi gefuna. A kundin Aberdin, wanda sunansa ya fito a jerin littattafan Henri na Takwas a fadar Westminsta a 1542, za ka ga ƙananan huda-huda kewaye da wasu dabbobi, inda aka sa wani falle a ƙasa aka huda, aka barbaɗa garin gawayi don a kwafe siffar zuwa wani littafi. A tsakiyar gefen sama na wasu shafuka kuma akwai dauɗar yatsa, a daidai wurin da mutum zai riƙe littafi idan ya juya shi yana nuna wa ɗalibai da ke zaune a gabansa.